Idona ya bushe, an ba ɗalibata jan baƙin tafsiri

Assalamu alaikum Anti Kyauta. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin azumi ya kama, saura sati uku. Idan aka bar ni da zuciyata zan yi abin da zai raba ni da mutanen da na shekara ashirin ina zama da su.

Shekarata arba'in da tara. Ina koyarwa a wata firamare a Yako, ina zaune a Kiru, kullum a kan achaɓa nake zuwa in dawo. A unguwarmu akwai tafsirin mata da Malama Baturiya take yi a tsakar gidanta duk azumi, daga bayan azahar zuwa la'asar. Ni ce mai jan baƙi, wato ni nake karanta aya, ita ta fassara. Shekara goma sha shida ina yi, ba a taɓa ba ni ko sabulu ba, ban kuma nema ba. Na yi hadda rabi, na karanta littattafan tajwidi da maza da yawa masu rawani ba su taɓa buɗewa ba. Ba alfahari nake yi ba, so nake ki san wadda aka tayar.

Akwai wata yarinya, Raihana, 'yar maƙociyarmu. Ni na koya mata baƙi da wasali tana jan majina. Da ta girma, ni da bakina na kai ta wajen Malama na ce ta riƙa zama a madadina a kwanakin da nake fashin salla. Kwana shida a wata, su ke nan rabonta, kuma tana godiya har ƙasa.

Bara al'ada ta ɗauke mini gaba ɗaya. Wasu matan baƙin ciki suke yi, ni kuwa har sadaka na yi, don a karon farko zan karanta kwana talatin cur ba mai taɓa mini Alƙur'anin. To a wannan azumin ne idon ya tashi. In na karanta shafi biyu sai ya fara zafi kamar an zuba mini ƙaiƙayin dawa. Haruffa su riƙa narkewa, in ƙifta su dawo, can su sake narkewa. Da safe fatar idon manne take. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ruwa, hawaye kawai sai su zubo ba gaira ba dalili.

Da farko matan cewa suka yi tsoron Allah ne ya kama ni. Wata tsohuwa har ta dafa kaina ta ce in sa ta a addu'a. Na bar su a haka, don bayanin ya fi wanda nake da shi daɗi. Na ƙara yawan kwalli, don mahaifiyata ta ce shi ne maganin ido. Na matso da fanka mai caji dab da fuskata. Na je kemis, mai shagon ya ba ni wani maganin ɗigawa da ya ce yana wanke ja. Ya wanke ɗin kuwa, kwana biyu ya dawo, yanzu ina kan kwalba ta biyar.

Ran goma sha bakwai ga azumi na tsallake layi guda a cikin Suratul Kahfi. Ni. Malama ta yi gyaran murya, sai na ji Raihana daga bayana ta ja ayar da na tsallake, da wannan muryar tata mai kama da ta 'yan rediyo. Washegari Malama ta ce in huta idona ya samu sauƙi. Hutun da har salla ban dawo daga shi ba.

Na ci gaba da zuwa, ina zama a gefe, idon yana ta zubar da ruwansa. Matan nan da suka ce tsoron Allah ne, su ne suka koma cewa kukan hassada nake yi. Ruwa ɗaya, ido ɗaya, fassara biyu a cikin mako guda. Har wata ta tambaye ni a bakin ƙofa ko ta kawo mini hankici mai girma gobe, wai wannan ya yi kaɗan.

Anti, ba zan yi miki ƙarya ba, hawayen ba na hassada ba ne, amma hassadar tana nan. Ina jin ta a ƙirjina duk sanda aka ce muryar yarinyar nan tana sa tsikar jiki tashi. Ni shekara goma sha shida tsikar wa na tayar? Tun da ba na iya kallon takarda, sai na riƙa rufe ido ina saurare, in na koma gida in rubuta kurakuranta a wani littafi. Maddin da ta gajarta, gunnar da ta haɗiye, inda ta tsaya a wurin da ba a tsayawa. Arba'in da ɗaya na samu, da rana da sura.

Shekaranjiya Malama ta aiko cewa bana Raihana ce za ta ja baƙi tun daga farko, ni in zauna kusa da ita. Za a yi taron shirye-shirye ana saura kwana uku azumi, kuma na yi niyyar tashi in karanta littafin nan a gaban kowa. Maigidana ya ce in na yi, kada in dawo ina masa ƙorafin an daina gaishe ni. Shi ya sa na rubuto miki. Me ya samu idona, makancewa zan yi? Kuma in karanta ko kada in karanta?

Mai jan baƙi ta da, Kiru

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na kai wasiƙarki wajen wata likitar ido, bayan na rufe sunayen. Ta ce ba a yanke hukunci sai an duba, amma abin da kika zayyana ya yi kama da bushewar ido, kuma yawanci ba ya makantarwa in an kula da shi.

Ga yadda ta yi mini bayani. Ido yana da siririn ruwa da ke lulluɓe shi kullum, da ɗan maiƙo a kai wanda yake hana shi saurin bushewa. Maiƙon daga wasu ƙananan ƙofofi yake fitowa a gefen fatar ido, daidai inda kike zizara kwalli. In ya yi ƙaranci sai idon ya bushe, ya ji zafi, ya ɓarke da hawaye masu yawa waɗanda ba sa zama. Ɗaukewar al'ada tana cikin manyan abubuwan da ke kawo shi ga mata. Ki haɗa da iskar achaɓa, da fanka a fuska, da hayaƙin girki, da dogon karatu wanda mutum yake mantawa da ƙiftawa. Ciwon suga, ciwon gaɓoɓi da wasu magungunan mura ma suna jawo shi, saboda haka ki faɗa wa likita duk abin da kike sha.

Kwalba biyar ɗin nan ce ta fi tayar mata da hankali. Wasu magungunan wanke ja, in an daɗe ana ɗiga su, suna kawo hawan jinin ido ko yana, kuma waɗannan su ne masu taɓa gani. Ki je asibitin ido a makon nan da kwalbar a hannunki, a auna ki, a kuma duba ko kina buƙatar tabarau na karatu. Akwai ruwan ɗigawa mai kama da hawaye da ake bayarwa, a bar likita ya zaɓa miki. Kafin nan, ki ajiye kwalli. Safe da yamma ki ɗora tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi a kan ido na minti biyar zuwa goma, ki goge gefen fatar a hankali. Ki sa tabarau a kan babur, ki juya fanka gefe, in kina karatu ki riƙa ɗaga kai kina ƙiftawa. Batun ɗiga magani da rana a azumi kuwa, malamai sun yi magana a kai, ki tambayi Malama Baturiya. Ta nan ma za ta san lalura ce da ke, don na lura ba ki taɓa faɗa mata ba.

Yanzu littafin. An ɓata miki, ban musa ba. Shekara goma sha shida ta wuce a sallame ta da saƙon ɗan aike, kuma mai maganar hankici ba ta kyauta ba. Amma ki duba ɓangaren Malama. Ta ga mai karatu tana tsallake layi, hawaye na zuba, ba a faɗa mata dalili ba, ga mata sun cika gida. Raihana kuma ba ta ƙwace komai ba, aya ta faɗi ta ɗauka, kamar yadda kika koya mata.

Kada ki karanta shi a taro. Ko duk arba'in da ɗayan gaskiya ne, ba wadda za ta ji tajwidi a ciki, kuma daga ranar kin rufe wa kanki hanyar komawa. Amma kada ki ƙona shi, don kuskure a karatun Alƙur'ani ba a barinsa. Ki kira Raihana ɗakinki, ku bi su ɗaya bayan ɗaya, ke da ita kaɗai.

Sannan ki je wajen Malama da takardar asibiti, tun kafin taron. Ki faɗa mata an ɓata miki, ki nemi a ba ki shafi biyun farko na kowace rana, wanda idonki yake iya ɗauka, ko surorin da kika haddace. Mai yiwuwa ta yarda, mai yiwuwa ta ce sai baɗi. Kujerar gaba ɗaya ba lallai ta dawo ba, gara in faɗa miki yanzu. Abin da nake so shi ne ranar ɗaya ga azumi a ji muryarki a gidan nan, ko da aya goma ce.

Allah ya ba ki lafiya, ya sanyaya miki zuciya, ya kai mu watan da rai da imani.

Anti Kyauta