Na Rushe Miki Kicin, Lorraine

Hancock, Michigan
Farkon Fabrairu

Uwargidana Lorraine,

Gaisuwa mai yawa daga ni da gidan nan da ya yi mini faɗi. Yaya jikin, ɓarin da ya shanye? Yaya hannun dama, ya fara motsi? Allah ya ƙara sauƙi. Malamar da ke koya miki magana a asibitin ta ja ni gefe ran Lahadi, ta ce waya tana gajiyar da ke amma karatu zai taimaka, in riƙa rubuto miki. To ga ni, mutumin da tun aurenmu bai taɓa rubuta miki abin da ya wuce "na tafi kamun kifi" ba.

Akwai labari, kuma gara ki ji daga gare ni kafin ƙaninki Arvo ya riga ni. Kin tuna famfon kicin da ke ɗiga? Na ce bari in gyara. Da na leƙa ƙasansa sai na tarar katakon ya ruɓe. Na ɓamɓare shi, kabad ɗin kusa ya biyo, na gaba ma ya ce ba za a bar shi a baya ba. In taƙaice miki, yanzu ba ki da kicin. Bango ne kawai da wayoyi suna reto.

Kada ki ta da hankalinki, ina ci ina sha. Firji yana falo kusa da kujerarki, in ina kallon wasa ko tashi ba na yi nake ɗauko madara. Butar kofi tana kan injin ɗinkinki, amma na shimfiɗa jarida, wallahi na shimfiɗa. Kwanoni kuwa a sauna, ɗakin wankan tururinmu na bayan gida, nake wanke su. In loda su a bokiti, in ratsa dusar ƙanƙara har gwiwa, in hura wuta, ni in yi wanka su ma su yi. Kyanwarki baƙa ta koma fara fat saboda ƙurar bango, ta daina kula ni.

Matan coci sun ji labari. Kowace ta kawo tire na taliya da kifin gwangwani, kamar sun haɗa baki. Na ci har ina jin ƙarninsa a mafarki.

Arvo yana zuwa kullum da zartonsa da bakinsa. Jiya ya tsaya tsakiyar ɓaraguzan ya ce, "Mijin Yaya, kai da ka ƙare rayuwarka kana tuƙa motar 'yan makaranta, wa ya ce maka kai kafinta ne?" Na ce, "Kai da kake kafintan, me ya hana ka sa wa garejinka ƙofa?" Ya ɗauki zartonsa ya kama aiki.

Ki ci abinci ko ba daɗi. Ina zuwa ran Lahadi in hanya ta buɗe.

Mijinki,
Wesley

Hancock
Tsakiyar Maris

Lorraine tawa,

Ina gaishe ki, ina gaishe da ma'aikatan da ke ɗawainiya da ke. Takardarki ta iso. Kalma uku da hannun hagu, kowane harafi ya kama gabansa: INA KICIN ƊINA. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga nan kuma abin ya juye mini, sai da na nemi hankici.

Tunda kin tambaya, zan faɗa. Famfon ya ɗiga da gaske, amma ba shi ne dalili ba. Ranar da likita ya ce wataƙila keken guragu zai daɗe tare da mu, kin kama hannun 'yarmu Kirsten, da ƙyar kika haɗa maganar, kika ce ta kwashe tukwanenki, kin gama da su. Duk hanyar gida maganar tana cina. Ban ba Kirsten ko cokali ba.

Na aro keke a coci na zauna a ciki don in ga kicin ɗin yadda za ki gan shi. Lorraine, ban kai ko'ina ba. A bakin ƙofa na maƙale, gaba ta ƙi baya ta ƙi. Arvo ya shigo ya same ni, maimakon ya taimaka sai ya tafi ya zuba kofi ya dawo yana kallo. Ya ce, "Yaya rabinka ce, ita za ta wuce." Na ce, "Da fatar hannunta a jikin katako?" Ranar muka faɗaɗa ƙofar.

Sai rigimar tsayin kanta, teburin nan na jikin bango da ake aikin girki a kai. Arvo ya ce ga abin da littafi ya ce, na ce littafi bai san matata ba. Muka ƙetara titi muka roƙi maƙwabciyarmu Marlys, tunda tsayinku ɗaya. Baiwar Allah ta zo da kwaɓinta da muciyar murzawa, ta zauna a keken, mu kuma muna riƙe da katako muna ɗagawa muna saukewa. "Sama kaɗan. A'a, ku sauke. Arvo, kai hannunka rawa yake ko tsufa ne?" Da muka dace, ta murje kwaɓin nan tas da hannu ɗaya. Yanzu gwiwarki za ta shige ƙarƙashin kwamin wanke-wanke da murhu, obin na gashi kuma ƙofarsa gefe take buɗewa.

Ga abin da ke damuna. Ina tsoron ki shigo ki ga kantar girkin ta yi ƙasa, ki ɗauka na fid da rai za ki sake miƙewa. Ban fid da ba. In kin miƙe gobe, jibi zan sake rushewa da murna, na ma fara jin daɗin guduma. Amma ba zan iya zuba ido kina zaune a falo kina jin ƙarar tukwane a hannun wani ba.

In na yi kuskure ki yafe. In kuma faɗa za ki yi, ki tanade shi, ina marmarinsa.

Naki har kullum,
Wesley

Hancock
Ƙarshen Afrilu

'Yata Kirsten,

Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Na san kin ƙosa, kuma a waya na kasa ba ki labarin yadda ya kamata, to zauna ki karanta.

Mamarki ta dawo ran Juma'a. Aikin bai ƙare ba: kabad babu murafu, silin rabi fenti rabi babu, ledar tare ƙura tana rataye a ƙofar falo. Kawunki Arvo ya sa rigar coci, ya tsaya a lungu yana murza hula kamar mai jiran hukunci.

Ta ce kar in tura ta. Da hannu ɗaya da ƙafa ɗaya ta ja keken, ta wuce ƙofar sumul. Ta shiga ƙarƙashin kwamin, ta buɗe famfo, ta rufe. Ta shafa kantar. Fuskarta kuwa kin san yadda take yanzu, ba a karanta ta.

Akwai wani gefe kusa da taga da na bari da tsayinsa na da, ban gaya wa kowa dalili ba. Ta nuna shi ta ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Na ranar da za ki tsaya ne."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, a hankali, tana tsinto kalmomin ɗaya bayan ɗaya, "A'a. Naka ne. Fere dankali."

Arvo ya fashe da dariya har da tari. Ta juya kansa: "Kai kuma... durowa... a karkace." Wallahi a karkace take, mun ɗauka ba mai lura.

Washegari ta sa aka sauko da fulawa. Burodinta na nisu, mai zaƙin nan da ake kitsawa kamar gashi, ta kwaɓa, ni ina riƙe kwano ita tana juyawa. Wajen kitsa shi, hannuna ya zama hannunta na dama, sai dai hannun bai da ilimi. Na kitsa ta warware, na sake ta warware. A na uku ta buge mini yatsu da cokali, ta ce, "Wesley, fitar mini daga kicin, kana tare mini haske!"

Kirsten, a tashi ɗaya ta faɗe shi, babu tsayawa, babu laluben kalma. Tun Disamba ba ta yi magana mai tsawon haka ba. Ita kanta sai da ta dafe baki. Na fita kamar yadda aka umarce ni, na tsaya a bayan ledar nan ina kuka kamar ƙaramin yaro, ina jiyo ta tana buɗe durowoyi tana mita.

Burodin ya fito ɓangare ɗaya ya fi ɗaya kumburi. Mun cinye shi da zafinsa, Marlys ma ta samu.

Ku taho hutun bazara. Ki gaya wa mijinki ya zo da kayan da ba ya so, silin yana jiransa. Mamarki tana gaishe ku, ta ce ita za ta rubuta adireshin a bayan ambulan, don haka in wasiƙar ta makara kin san dalili.

Babanki,
Wesley Kangas