Allurar da Na Yi wa Inna Alkawari

Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya jikin Inna? Har yanzu cinyarta na kumbura in maƙwabcinmu ya yi mata allurar suga?

Ni lafiya lau, ina nan kantin maganin, sai dai an ɗan canza min wuri. Doka ta fito cewa mu mataimaka za mu fara yin allura, amma sai wanda ya yi kwas ya sami lasisi. Na riga kowa zuwa ofishin rajistar kwas ɗin. Matar da ke wurin ta ce, "Ina takardar sakandare?" Na ce, "Ranki ya daɗe, ina aji biyu Baba ya rasu." Ta daɗe tana juya biro, sannan ta ce in yi haƙuri.

Tunda ban sami shiga ba, an mayar da ni sito ina jera kwalaye, farar rigar aikin ma na mayar. Ta ƙofa nake jin tsofaffi suna tambaya, "Wai ina Dogo?"

Abokiyar aikina da ta sami shiga tana koya min yin allura a jikin lemu lokacin hutu. Ta ce hannuna ba nauyi. Na ce ai lemu ba ya faɗa in ya ji zafi.

Yaya, na yi wa Inna alkawari zan dawo in riƙa yi mata allurar da hannuna. Kada ki gaya mata. In ta tambaya, ki ce ina kan koyo, ba ƙarya ba ne.

Allah ya ba ta sauƙi, ya bar mana ita har a yarda min.

Ƙaninki,
Dogo