Allurar da Na Hana Ka, Kiyari

Zuwa ga ƙanena Kiyari,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa, ina rubuta maka wannan takarda ko da yake na san ba za ta same ka ba. Wata bakwai ke nan da rasuwarka. Akwai maganar da na ɓoye wa kowa, yau zan faɗe ta a gaban jama'a.

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun hatsi bai fitar da kai ba, gonarmu ta Dakusa ko dami goma ba ta bayar ba. Ka bar matarka Hadiza wurin Inna, ka hau mota zuwa arewa haƙar zinariya. Can aka koya maka wannan farar ƙwaya da suke kira kiristal, wai tana hana gajiya a cikin rami. Da hayaƙinta kuka fara, daga baya kuka koma narkar da ita kuna ɗurawa a jijiya.

Ka dawo Damagaram ba zinariya, ka rame, kana sa riga mai dogon hannu cikin zafin bazara. Ni da nake aiki a farmasi na gane tun kallon farko, amma na yi shiru.

Wata Talata da hantsi ka shigo wurin aikina. Ka jira masu sayen magani suka watse, sannan ka ce, "Yaya Falmata, sabuwar allura nake so. Mu biyar ne, guda ɗaya gare mu, har bakinta ya dakushe." Kwalin alluran yana bayana, hannu kawai zan miƙa. Na ce ba da hannuna za ka kashe kanka ba, ka fita kafin mai wurin ya gan ka. Ba ka yi gardama ba. Ka ce in gaishe da yara.

Na yi karatun lafiya, Kiyari. Na san abin da allura ɗaya take kwasowa daga jinin mutum biyar. Ranar na gaya wa kaina tarbiyya nake maka. Gaskiyar ita ce kunya nake gudu, kada a ce ƙanen Falmata ɗan ƙwaya ne.

Shekara biyar bayan haka tari ya kwantar da kai, aka auna jini aka ce sida ce, wato ƙanjamau, ta yi nisa. Lokotoron da ya duba ka a asibiti ya ce wataƙila tun a arewa ka ɗauko ta. Wataƙila. Shi bai sani ba, ni ma ban sani ba.

Hadiza ma an samu tana ɗauke da ita. Ni nake raka ta karɓar magani, kuma jikinta ya yi kyau. 'Yarku Yagana lafiya lau take, an auna ta sau biyu. Ta iya dariyarka, har da karkata kai.

Makon ƙarshe ka riƙe hannuna ka ce in yafe maka wahalar da ka ba ni. Na ce na yafe. Ni ya kamata in roƙe ka, bakina ya kasa. Yanzu ina roƙonka, ɗan'uwana, ka yafe mini.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ciwonka ya zama kaffara. Ya shiryi abokanka da suka rage, Ya haɗa su da wadda ta fi ni tausayi.

Yayarka,
Falmata