Ɗakin da Yaya Ta Kulle

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa da ladabi, ina fata kina lafiya, ƙafar kuma ta yi sauƙi.

Ƙarar Yaya na kawo. A wurin aikinmu babbar kwamfuta ɗaya muke raba wa mutane kamar gidan haya, kowa da ɗakinsa, manhajar da ke raba ɗakunan kuma a hannuna take. Bayanan marasa lafiyar asibitin Yaya a nan suke. Sai ta sa aka kulle nata yadda ko manhajar ba ta iya leƙawa, balle ni. Da na yi magana, wai ba ni take zargi ba, kujerar da nake kai ce abin tsoro. A gaban abokan aikina fa, Inna. Ki yi mata faɗa.

Ɗanki,
Auta

Inna,

Ina gaishe ki, da fatan kin tashi lafiya. Ni jikina ƙalau, zuciyar ce babu daɗi.

Ɓarayin intanet sun shiga manhajar nan, kuma da kalmar sirrina suka shiga. Sun daɗe a ciki ina zaune ina kurɓar shayi. Duk ɗakin da ba a kulle ba sun kwashe shi. Wani lauya mai haya a wurinmu ya zo ya tsaya a gaban teburina, takardun mutanen da suka amince masa suna yawo a wayoyi, ya ƙare mini kallo ya juya ya fita. Da ma zagina ya yi.

A ɗakin Yaya shirme kawai suka tarar, domin makullinsa ba ya hannun manhajar. Matan da ke kai mata abin da ko mazajensu ba su sani ba, Allah ya rufa musu asiri da taurin kan nan da na kawo miki ƙararsa.

Kunya ta ishe ni. Na ji tun faɗan da kika yi mata ba ta sake taka gida ba, ke ma ba ki neme ta ba. Ni na haɗa ku. Jiya ta zo ofis, ina hango ta na faɗa ɗakin na'urori, na tsaya cikin sanyi da ƙarar fanka har ta tafi. Ta bar mini saƙo wurin mai gadi, wai kada in gaya miki komai, kada jininki ya hau.

To na gaya miki. Don Allah ki kira ta yau. Ni har yanzu ban san da wane ido zan dube ta ba.

A gaishe da mutanen gida.

Ɗanki mai neman afuwa,
Auta