Bencin Baya

Garuwa, 16 ga Maris

Zuwa ga Yayana Iliyasu, a Kuseri.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga wanta, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Aisatu da yara, ya buɗa kasuwa, ya tsare ku a kan gadar Njamenan nan da kuke ƙetarewa safe da yamma. Mu nan lafiya lau, sai zafin Garuwa da ka sani, wanda bana ya shigo tun kafin a yi masa sallama. Kogin Binuwai ya janye, masu albasa sun cika bakinsa. Inna tana nan, gwiwar ce dai kullum, amma bakin bai gaji ba. Maigidana Malam Aƙilu ya dawo daga Bogo jiya, ya ce dangi duk suna gaishe ka. Autana Hanzala ya fara tafiya, ya kuma fara ɓarna, rana ɗaya. Kada ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Na lura duk sanda magana ta fara yi maka tsawo sai layin Kuseri ya lalace, ita kuwa takarda ba ta san wannan ciwon ba.

Saƙonka a kan 'yarka Rumaisa ya iso, kuma wallahi hukuncin ya yi kyau, hukuncin manya. Ka ga maki bakwai cikin ashirin a sakamakon zangon farko, ka ce boko ba na kowane kai ba ne, idan an yi hutun ƙarshen watan nan za ka turo direba ya ɗauko ta, ta zo ta taya Aisatu tsaron shago. Na karanta wa Inna, muka jinjina. Mu da muke cin kwano ɗaya da yarinyar shekara biyar ba mu gano komai ba, kai daga bakin kogin Logon ka duba lamba ɗaya ka gane ciwon, ka rubuta magani. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni har na fara ninke mata kaya a zuciyata. Sai ga takarda daga lise, sakandaren da take, wai ana son ganin mai riƙon Rumaisa a ofishin konseye, wato mai ba ɗalibai shawara.

Ka san ni, karatuna bai wuce aji biyu na sakandare ba, kuma a zamaninmu idan an kira uba makaranta, ya san ko dai an yi sata ko an fasa kan wani. Na rufe shago da hantsi, na saka leshin da nake zuwa kwastan da shi, na hau moto, wato acaɓa, ina lissafa masifu. Da na isa aka nuna mini wani ɗan ɗaki bayan ofishin shugaban makaranta. Kujera biyu, fanka, tulun ruwa, babu bulala ko a bango. Mai ɗakin wata ce Madam Fa'iza, Bafulatanar Marwa, siririya, ba ta kai ni shekaru ba. Na tambaye ta me take koyarwa, ta ce ba ta koyar da komai, aikinta yara su zo su yi magana ta saurara, ta duba abin da ke hana su karatu, ko a gida ne, ko a jiki, ko a zuciya. Yaya, shekarata ashirin a babbar kasuwa, na ga mai sayar da ruwa, na ga mai sayar da inuwa, ban taɓa ganin wanda sana'arsa ita ce yin shiru ba. Na gyara zama, don abin ya fara ba ni sha'awa.

Ta ce Rumaisa ta zo wurinta sau huɗu. Sau huɗu, yarinyar da a gida sai ka ja magana daga bakinta kamar guga! Nan na fito da kayan aikina. Na fara yabon lallenta, na ce idan ta zo shago akwai wata atamfa da ba na fito wa kowa da ita. Ta yi godiya. Na koma na nuna ai na riga na san komai, Rumaisa ba ta ɓoye mini, ina so ne kawai in ji ko labarin ya zo ɗaya. Ta yi murmushi. Na miƙe na gyara mayafi kamar zan tafi, dabarar da ko Alhazan Duwala ba sa jure mata. Ta ce in sauka lafiya. Dole na dawo na zauna da kaina. Sai ta ce abin da yaro ya faɗa a ɗakin nan nasa ne, ba ta da ikon bayarwa, in ba ransa ne ke cikin haɗari ba, amma akwai abu ɗaya da Rumaisa ta yarda a gaya mini. Ka ji wata shara'a. A layinmu na 'yan atamfa, sirrin da aka faɗa da safe kafin azahar ya kai wurin masu kifi, har ya yi ƙiba a hanya.

Ta buɗe takardun jarrabawar lissafi ta shimfiɗa mini. Ta ce in duba, hanyar aikin daidai take daga sama har ƙasa, lambobin ne ba na malam ba. Inda ya rubuta uku a allo, ita ta ɗauki takwas, inda ya rubuta ɗaya ta ɗauki bakwai, sannan ta zauna ta warware tambayar da ba wanda ya yi mata, ta kuma warware ta da kyau. Ajinsu mutum casa'in da wani abu ne, ita kuwa doguwa ce kamar ubanta, ga kunya, ba ta iya turereniyar neman wuri, don haka tun shigarta lise bencin baya ne nata. Shekara huɗu ba allo take kwafa ba, littafin ƙawarta Khaula take kwafa. Ko ranar gwaji, Khaula kan rubuta tambayoyin da manyan baƙaƙe ta ɗan karkato takardar. Bana aka yi wa uban Khaula canjin aiki zuwa Ngaundare, wadda ta gaji wurin kuwa tana rufe takardarta da gwiwar hannu. Kan 'yarka bai tafi ko'ina ba, Yaya, idonta ne ya hau motar Ngaundare. Madam ta kai ta wurin ma'aikacin jinyar makarantar, wani Musye Théodore, ya tsayar da ita gaban allon haruffa, ta karanta layi biyu na sama, sauran ta ce hayaƙi ne.

A nan ne kunya ta kama ni, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa ruwa na zuba a kaina ina cewa albarka ce. Duk Asabar tana taya ni a shago, kuma duk atamfar da ta ɗauka sai ta kai ta har bakin hanci. Ka tuna haka kakarmu take yi idan tana bambance mai kyau da jabu. Ni sai na bi layi ina shela cewa jini ba ya ɓuya, Rumaisa ta gaji idon kaka. Har na taɓa mayar wa wani dillali kaya saboda ta daɗe tana kallonsu, na ɗauka ta ga aibi, ashe baiwar Allah zanen take nema. Idan ta sunkuyar da kai a hanya, mata su ce ga tarbiyya, ko 'yar Fulani sai haka, ni in karɓi yabon in sa a aljihu. Ashe ramuka take dubawa. Ranar da ta wuce surukata a bakin titi ba ta gaishe ta ba, na yi mata faɗan da har yau nake jin nauyinsa. Yanzu da na tambaye ta me ya hana ta faɗa mana ba ta gani sosai, ta ce da farko ta zaci kowa haka yake gani. Da ta fara zargi kuma, sai ta tuna a gidanmu an ce tabarau na tsofaffi ne da masu iyayi, ta tuna wanda ya yi wa ɗan Kawu dariya ranar suna har ya cire nasa ya sa a aljihu. Ban ce kai ne ba. Ita ma ba ta ce ba.

Na kai ta asibitin ido aka auna ta aka yanka mata gilashi. Inna ta ce zai cinye mata sauran idon, na ce to a bar shi ya ci, dama ba wani abin kirki ya rage a kwanon ba. A hanyar dawowa ta roƙi mai moto ya tsaya a kan gada. Ta daɗe tana kallon ruwa, sannan ta ce mini ashe dorina tana da kunne. Shekara biyar duk wanda ya nuna mata dorina takan gyaɗa kai don kada ta ba shi kunya, ita duwatsu take gani. Da muka iso gida ta dube ni da kyau ta ce ashe Goggo tana da furfura. Wannan kam ban gode wa likita ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne abin da ya biyo baya. Madam tana da wata ƙungiyar lafiya ta ɗalibai, su ke zaɓen shugabanninsu, su ke tsara aikinsu, ita tana gefe da shirunta. Na leƙa zamansu wata Laraba don in ga me ake dafawa. Ana koya musu yadda ake jan taro, mutum ya ɗaga hannu, a bar shi ya kai aya kafin wani ya karɓa, abin da ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa ta kasa tun kafin a haife su. A nan Rumaisa ta kawo shawara a gwada idon kowa. Ta zana haruffan Musye Théodore a bayan kwalin atamfa, ta ari sandar awona ta yanki igiya mai mita biyar, suna bin aji aji lokacin hutun ƙarfe tara. Sun samo yara goma sha huɗu masu irin ciwonta, goma sha ɗaya a cikinsu 'yan bencin baya, kuma kusan duk an riga an yi musu shaidar daƙiƙanci. Ranar Litinin wajen ɗaga tuta aka ba ta lasifika, ta yi bayani da Faransanci gaban makaranta duka, ta roƙi a riƙa raba benci da ido ba da tsawo ba, shugaban makaranta ya amince. Ban je ba, ɗiyar maƙwabciyata ce ta ba ni labari. Har yanzu ina juya abin. Me matar nan take zuba musu a ɗakin nan, alhali ni ruwan tulu kawai na gani?

Ba zan sayar maka da kaya in ɓoye yagewa ba. Gwajin da aka yi makon jiya ta ci sha biyu a lissafi, amma kimiyya har yanzu tara ce, don akwai ramin wata huɗu da sai an cike. Madam ta ce ba ta yi alkawarin komai ba, ta dai haɗa ta da masu bita, kuma zuwa ƙarshen shekara za a san gaskiya. Ita Rumaisa ba ta roƙe ni in rubuto ba. Ta wanke kayanta ta jera a akwati, ta ce abin da Baba ya ce shi za a yi, gilashin ma zai yi amfani wajen ba da canji. Wannan maganar ce ta sa na nemi biro. Roƙona ɗaya ne, Yaya: kada ka turo direba. Ka bar ta zuwa Yuni. In ta faɗi da idonta biyu a buɗe, ni da kaina zan kawo ta, in kuma ba ka haƙuri a gaban Aisatu. Shago ba ya gudu, shekarar karatu kuwa in ta wuce ba ta waiwaye.

Za ka ga wani kwali a ninke cikin ambulan. Aikin 'yarka ne, da igiyarsa. Ta ce a liƙa a bango a gwada su Adamu da Taufiƙ, kada su ma su yi shekaru suna gyaɗa wa duwatsu kai. Ba ta ce a gwada kowa ban da su ba, ni ma ban ce ba. Na dai rubuta takardar nan da manyan baƙaƙe, saboda na ga yadda kake riƙe waya a bakin hanci ranar sunan Hanzala, na kuma tuna ranar da ka wuce Inna a tasha ta bi ka tana kira.

Ka gaishe mini da Aisatu da kyau, ka ce turaren ya iso, na gode. Ka gaida Adamu da Taufiƙ da auta Zahra, da Kawu Malum idan ya ƙetaro daga Njamena. Inna tana sa maka albarka, Malam Aƙilu yana gaisuwa, Rumaisa ta durƙusa tana gaida Babanta. Allah ya bar zumunci, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Sa'adiya

Af, na manta. Shekarar da Baba ya cire ka daga makaranta ya ce ba ka da kan boko, kai da ka fi kowa tsawo a ajin, a wane benci kake zama?