Na Gode, Ina da Nawa

Zuwa ga mai kula da wannan fili,

Assalamu alaikum. Shekaruna sittin da takwas, idanuna suna karatu, ƙafafuna suna kai ni kasuwa su dawo da ni, kuma ba na bukatar tausayin kowa, har da naki. Na fara da wannan ne domin kada ki ga tsohuwa ta rubuto ki ɗauko muryar da ake yi wa majinyaci magana da ita. Shawara nake nema, abin da ban taɓa nema a wurin kowa ba kafin yau. Ki taimake ni ki ba ni ita a tsaye.

An haife ni a Argungu, ina cikin 'yan matan farko na unguwarmu da aka kai makarantar boko. Na koyar fiye da shekara talatin, na yi ritaya ina shugabar makaranta. Yanzu ina zaune ni kaɗai a gidana da ke Nasarawa, a Birnin Kebbi. Allah bai ba ni haihuwa ba. Bayan rasuwar maigidana, ƙanena Sama'ila, wanda yake noman albasa a Augie, ya ba ni riƙon ɗansa Dikko tun yana ƙarami. Ni na koya masa riƙe alƙalami. Shi ne yau yake rubuta wasan kwaikwayo a gidan talabijin a Sakkwato, kuma shi ya kawo mini akwatin talabijin da hannunsa domin in riƙa ganin aikinsa.

Akwatin nan bai da yawa a unguwarmu, saboda haka duk ranar Laraba bayan isha'i nakan sa a fito da shi tsakar gida, a shimfiɗa tabarmi, matan maƙwabta su shigo. Wasan nasa, Bakin Gulbi, labarin wata unguwa ne da babu mutumin kirki cikakke a cikinta. Mai unguwar matsoraci ne, mahauci Hodi yana danne ma'auni da yatsa, Ma'u mai kitso ba ta riƙe sirrin kowa. Sai kuma wata tsohuwar malama, Asiya, mai tabarau da igiya a wuya da baƙar lema, wadda ba ta karɓar kwanon abinci daga kowa. Duk wanda ya aiko mata, sai ta tsaya bakin ƙofa ta ce: “Na gode, ina da nawa.”

Tabarau ɗin irin nawa ne, lemar ma haka, maganar kuwa tawa ce tsawon shekara arba'in. Zan faɗa miki dalilinta, ko da yake ba wanda yake bi na bashin bayani. Lokacin da nake takaba kwanuka sun yi ta shigowa gidana, kuma kowane kwano akwai shawara a bayansa: in bar aiki, in bar gidan ga dangin miji, in koma Argungu a nema mini wani mijin. Na gane cewa wanda ya ciyar da ke yau gobe zai shigo ya tsara miki zama. Tun daga nan na daina karɓa. Kwanon Sallah da na Kirsimeti ba sa cikin wannan, domin su kowa ake kai wa, ni ma ina aikawa.

Jama'a ba su so wasan ba. Sun saba da wasa mai nagari da mugu, a ƙarshe a kama mugun a yi masa dariya, kowa ya tafi ya kwanta da zuciya ɗaya. A nan kuwa Hodi yana cuta yana kuma ciyar da marayun yayansa, sai mai kallo ya rasa inda zai ajiye shi. A shirin da ake karanta ra'ayoyin masu kallo, wani ya ce wasan babu darasi, wani ya ce an tara masa mutanen da yake gudu a unguwarsu an kawo masa su cikin ɗaki. Amma Malama Asiya ce ta fi shan suka. An ce mini a dandalin kallo na jama'a da ke Argungu, da an sa Bakin Gulbi sai benci ya fara sauƙi, har mai kula da injin wuta yakan kashe shi ya tanadi mai sai lokacin nuna kokawa. Kamfanin sabulun da ke talla a cikinsa ya janye.

A tsakar gidana ma na ji. Uwa, maƙwabciyata tun kafin a yi wa titinmu kwalta, tana zaune a kan tabarmata ta ce: “Wagga tsohuwa, wa ka iya zama da ita? Ko aljani sai ya yi ƙaura!” Aka bushe da dariya, sai dariyar ta yanke a tsakiya, kowa ya sa ido a ƙasa. Na ci gaba da kallon akwatin. Na duba zuciyata kamar yadda ake duba tulu, ban sami ko fushi a ciki ba. Laraba ta gaba mutum uku suka zo, wadda ta biyo na kalla ni kaɗai. Yara sukan bi ni a hanyar kasuwa suna cewa “ina da nawa, ina da nawa”. Na koyar da iyayensu, ban waiwaya ba.

Duk wannan na ɗauke shi. Ko ba komai, matar da ke cikin akwatin a tsaye take, ba ta cuci kowa ba, ba ta roƙi kowa ba. Abin da ya biyo baya shi ne dalilin wasiƙata. Da manyansa suka matsa wa Dikko a kan ya jawo masu kallo, sai ya kwantar da Malama Asiya ciwo. Aka nuno ta a kan tabarma ba tabarau, tana kuka, tana cewa ta yi kuskure duk rayuwarta. Ma'u ta shigo da langar abinci, ita kuwa ta miƙa hannu biyu ta karɓa, ta ci a gaban mutane, ana kaɗa mata goge mai ban tausayi.

Washegari, ranar Alhamis da babu Sallah babu suna, langa ta shigo gidana daga wurin Uwa. Da la'asar wata ta zo daga Roda, matar Ephraim ma'aikacin asibiti, wadda muke musayar abincin biki da ita shekara da shekaru ba tare da wata magana ba. Ta kawo da kanta, ta rage murya tana tambayata yaya jiki. Lafiyata ƙalau. Matar cikin akwati ce ta yi ciwo, ni aka zo dubawa. Na mayar da duka biyun ban ɗaga murfi ba. Na san abin da hakan yake nufi a garin nan, ba yarinya ba ce ni: kwano ba ya komawa wayam, balle ya koma da abincinsa. Uwa ta daina gaishe ni. Roda tana gaisuwa daga nesa.

Kukan ma bai ceci wasan ba. Waɗanda suka ƙi tsohuwar sun ce yanzu ƙarya aka yi musu, irinta ba ta kuka. An sanar da Dikko cewa saura fitowa ɗaya a rufe shirin.

Ya zo Birnin Kebbi a ƙarshen makon jiya. Ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakina kamar lokacin da yake dawowa hutu daga makaranta. Ya ce: “Gwaggo, wallahi duk cikinsu ke kaɗai ce mai gaskiya, su ne ba su gani ba.” Ya ce ciwon dole aka yi masa, kuma yanzu manyansa suna so a fitowar ƙarshe Malama Asiya ta rasu tana neman gafarar unguwa, shi kuwa hannunsa ya ƙi rubutawa, in gaya masa yadda zai ƙare da ita. Na kawo masa ruwa, na zuba masa tuwon shinkafa da miyar kifi, na tambaye shi matarsa da yara. Game da tambayarsa na ce ban san matar ba. Ya nemi gafara, na ce babu abin yafewa, kuma ba ƙarya na yi ba, domin ban ji komai ba. Ina kallon yaron da na yi wa wanka yana share hawaye da hularsa, kamar ina kallon baƙo a tashar mota.

Wannan nake so ki warware mini. Ina sallah, ina girki, ina karanta jarida, amma komai ya zama ɗaya a wurina. Shin hankali ne ya zo mini a ƙarshe, ko wani abu ne ya mutu? Ba ni da kowa a duniya da ya wuce yaron nan, kuma na san haka kamar yadda na san lissafi, a kaina kawai.

Kada ki wahalar da kanki a kan akwatin. Shekaranjiya na naɗe shi da bargona da mayafin da na saƙa masa, na mayar da shi cikin kwalinsa, na ba direban da ke zuwa Sakkwato ya kai wa mai shi. Na kuma ce ya gaya masa bana ba sai sun zo Sallah ba.

Tsohuwar Malama, Birnin Kebbi.

AMSA

Wa'alaikumus salam, Malama, ranki ya daɗe.

Ba zan tausaya miki ba, kin hana, kuma ban ga abin tausayi ba. Zan gaya miki abin da na gani.

Kina da gaskiya a kan Dikko. Ya ɗauki tabarau ɗinki da maganarki ya kai gaban jama'ar jiha guda ba tare da ya yi sallama ba. Ƙauna ce ta sa, na yarda, amma ƙauna ba ta ɗauke neman izini. Sa'an nan da wuta ta matso shi, ya sa miki kukan da ba ki yi ba. Wannan laifi ne, kuma da kika ce masa babu abin yafewa kin rufe masa ƙofar da zai bi ya gyara. Gara ki kira laifin da sunansa, ki faɗa masa a fuska irin faɗan da kike yi wa ɗalibai, sa'an nan ki yafe in kin ga dama.

Game da masu kallo, kada ki ɗauki hukuncinsu ki rataya a wuya. Mutumin da ya wuni a fadama yana so ya ga wanda zai zaga ba tare da ya tuna da kansa ba. Dikko ya hana su wannan, suka tashi. Matan unguwarku kuwa ina zaton kunya ce ta kore su daga tabarmarki, domin sun gane wadda suka yi wa dariya a cikin gidanta. A nan nake ganin kin yi sauri. Uwa ta yi ɓarin baki a gabanki, kuma mace irinta ba za ta iya tsayawa ta ce ki yi haƙuri ba, sai dai ta dafa ta aiko. Mai yiwuwa ban haƙuri kika mayar ba ki buɗe ba. Kwanukan takaba sun zo da sharaɗi, na ji, amma shekara arba'in ke nan, kuma ba Uwa ko Roda suka aiko su ba.

Gyaran wannan yana hannunki, ba kuma zai rage miki komai ba. Kin ce kina da naki. To, aika daga naki. Ki dafa tuwon shinkafar nan da miyar kifi, ki zuba langa biyu, ki kai da ƙafarki. Sai dai ki sani langar ba za ta dawo wayam ba, kuma wannan karon za ki ɗaga murfi.

Kin tambaya ko wani abu ya mutu. A'a. Ƙafar da aka daɗe zaune a kanta takan daina ji, in aka miƙe kuma sai ta yi tsami kafin ta saki, ki shirya wa tsamin. Wadda ba ta jin komai ba ta naɗe akwati da bargonta don kada gilashi ya fashe a hanyar Sakkwato. Amma idan barci ko cin abinci ya canza miki, ko abin ya ja lokaci, ki ga likita ki yi masa bayani kamar yadda kika yi mini, babu ƙasƙanci a ciki.

Akwatin ya tafi, ki bar shi can tukuna. Saƙon Sallah ne ba ya jira. Yaran Dikko ba su rubuta wasa ba, ba kuma su san abin da ya sa aka hana su gidan kakarsu ba. Direban da ya kai wancan saƙon zai koma Sakkwato, ki ba shi wani kafin a ɗauki fitowar ƙarshe. Dikko ya yi miki tambaya, kuma duk jihar nan ke kaɗai ke da amsarta. In da ni ce, zan ce ya tashe ta daga tabarmar, ya mayar mata da tabarau da lemarta, ya bar ta a tsaye a ƙofar gidanta da ranta. Ko manyansa sun ƙi, zai san abin da kike so, zai kuma san kin san matar.

Ki ce su zo Sallah, su duka. In ya tambayi abin da zai riƙo miki, kin san amsar da za ki ba shi: bargonki yana can tare da akwatin.

Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, Ya sanyaya tsakaninki da ɗanki da maƙwabtanki.