Faɗanki Nake Sayarwa

Zuwa ga tsohuwar matata, Iya Tasalla,

Gaisuwa mai yawa daga Bronx, nan Amurka. Ya ƙafar taki? Ya Baba da ƙanwata Rabi, da akuyar nan taki mai cin sabulu?

Jikanki lafiya lau. An sace keken da nake kai wa mutane abinci, amma kada ki damu, dama sanyi ya ishe ni.

Yanzu ke ce sana'ata. Ɗankwali nake ɗaurawa, in riƙe muciya, in ɗauki bidiyo ina irin faɗanki: "Kai, mai kan gwanda, wa ya saka mini kwaɗo a buta?" Har waɗanda ba su jin Hausa dariya suke, kamfanin da nake sa bidiyon a shafinsa na intanet kuma yana biyana. Da shi nake biyan haya.

Sai dai jiya na zo kwaikwayon kiran da kike mini da magariba, muryar ta ƙi zuwa daidai. Na kashe wayar, na cire ɗankwalin.

Don Allah ki karɓi wayar Rabi ki zazzage ni son ranki, ta naɗi muryar ta turo mini, in samu jari. Daga ƙarshe ki kira sunana yadda kika saba. Wannan kam ba zan sa wa kowa ba.

Allah ya ƙara nisan kwana.

Angonki mai kan gwanda,
Sallau